Ya ce an harbe shi a Iraƙi: yaya za mu gane ko sojan gona ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina cikin wata ƙaramar ƙungiya da ke tara gudummawa don mabuƙata. Wani mutum ya shigo mana yana cewa ya yi aiki da sojojin kundumbala na ruwa da ake kira SEAL, an harbe shi a Iraƙi, har an ba shi lambar yabo ta Purple Heart, wadda ake ba sojan da aka raunata a yaƙi. Ranar wani taro ya zo cikin kaki, ƙirjinsa cike da lambobi. Wani dattijo a cikinmu da ya yi shekara ashirin a soja ya yi masa tambaya biyu, sai muka ga ransa ya ɓaci, ya tashi ya fita yana cewa ƙarya mutumin yake yi. Yanzu kuma mutumin yana neman mu taimaka masa da kuɗin magani. Me ya sa tsoffin sojoji ke ɗaukar zafi haka a kan wannan magana? Yaya za mu gano gaskiya ba tare da mun zalunce shi ba? Kuma laifi ne a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ku dakatar da maganar kuɗin tukuna, amma kada kowa ya kira shi maƙaryaci a bainar jama'a. Labarin da mutum ya bayar da kayan da ya sa suna iya jawo zargi, sai dai takardunsa na aiki ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma akwai hanyar samunsu.

Muna kyautata zaton tambayar da dattijon ya fara yi ita ce lambar ajinsa. Duk wanda ya zama SEAL sai ya bi ta horon share fage na kusan wata shida a Coronado da ke jihar Kalifoniya. Kowane aji yana da lamba, sunayen waɗanda suka kammala a rubuce suke, kuma wanda ya sha wannan wahala ba ya mantawa da lambar ajinsa. Tambaya ta biyu ba za ta wuce ta runduna ba. Rundunonin SEAL masu lamba 1, 3, 5 da 7 suna Coronado, masu lamba 2, 4, 8 da 10 suna Little Creek a jihar Bajiniya. SEAL sojan ruwa ne, don haka in mutum ya ce shi saje ne ko kofur a cikinsu ya riga ya yi tuntuɓe, domin sojan ruwan Amurka ba su da waɗannan muƙamai. In kakin da ya zo da shi na sojan ƙasa ne, to labarin da rigar sun saɓa.

Lambobin ƙirji ma magana suke yi ga wanda ya iya karanta su. A ƙirjin hagu ake jera su bisa tsarin fifiko, mafi girma a layin sama ta ɓangaren tsakiyar ƙirji. Wanda ya sayo su a intanet yakan jera su yadda suka yi masa kyau a ido, ko ya haɗa waɗanda ba sa haɗuwa: lambar wani yaƙi da aka gama kafin ya isa shiga soja, ko bajon wata runduna a jikin kakin wata. Kayan aro ba ya rufe katara. Lissafin shekaru shi ne mafi sauƙi, kowa zai iya yi. Ba a ɗaukar soja a Amurka ƙasa da shekara 17, shi ma sai da yardar iyaye. Wanda aka haifa a 1990 bai yi yaƙin birnin Falluja na Iraƙi a 2004 ba. Lambar yaƙin Iraƙi kuwa ta waɗanda suka yi aiki a can ce daga Maris 2003 zuwa ƙarshen 2011.

Sai yanayin labarin kansa. Mafi yawan sojoji a kowace runduna ta zamani direbobi ne, makanikai, masu dafa abinci, akawu, ma'aikatan lafiya da masu kula da kaya. Sojan gona ba ya cewa shi kuku ne ko direban tankar mai. Kullum shi gwanin harbi ne daga nesa, ko ɗan aikin sirri. Tambayoyin yau da kullum ne ke kayar da shi: ina aka horar da kai, wa ke shugabantar bataliyarku, mece ce lambar sana'arka? Ɗan bindigar sojan ƙasa zai ce 11B ba tare da ya tsaya tunani ba, na rundunar Marine, wato dakarun da ke kai farmaki ƙasa daga teku, zai ce 0311. Tsohon soja na gaske ya fi tuna zaman jira, gadin dare, rashin barci da sunayen abokansa. Na bogi ya fi tuna yawan mutanen da ya kashe.

Uzuri biyu suka fi yawa a bakin sojojin gona. Na farko: aikina na sirri ne, an rufe takarduna. Ana ɓoye bayanin wani farmaki, gaskiya ne, amma shigar mutum soja, muƙaminsa, horon da ya yi da ranar sallamarsa ba sirri ba ne. Na biyu: takarduna sun ƙone. Gobarar ta faru, ranar 12 ga Yuli 1973, a cibiyar ajiye takardun ma'aikata ta ƙasa da ke St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Amma na sojan ƙasa ne da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, da wani kaso na sojan sama daga 1947 zuwa 1964. Wanda ya ce ya yi Iraƙi ba shi da mafaka a wannan gobara.

Ga yadda za ku bi. Takardar sallama a Amurka ana kiranta DD-214. Gurbi na 11 yana nuna sana'arsa, na 12 ranar shiga da ranar fita, na 13 lambobin yabo, na 14 kwasa-kwasan da ya yi, na 24 kuma, a doguwar kwafi, yana nuna irin sallamar da aka yi masa, ta mutunci ce ko ta laifi. Ku mai da neman wannan takarda ƙa'idar ƙungiya ga duk wanda ya nemi taimako da sunan aikin soja, don kada ya ga shi kaɗai aka sa wa ido. Ya rufe lambarsa ta Social Security, wato lambar shaidarsa a wurin gwamnati, kafin ya miƙa. Sai dai ana buga ta jabu, don haka kada ku tsaya a kan kwafin hannunsa. Ku cika fom SF-180, na neman bayanan aikin soja daga hukuma, ku aika, da cikakken sunansa, rundunarsa, ranar haihuwa da kimanin shekarun aikinsa. Fom ɗin da kansa yana nuna adireshin da ya dace, domin fayilolin waɗanda suka bar aiki a shekarun baya-bayan nan suna hannun rundunoninsu. Ko ba ɗan'uwansa ba, dokar 'yancin samun bayanai ta ba mutum damar sanin shekarun aiki, muƙami, wuraren aiki da lambobin yabo. In ya sa hannu ya yarda, za a ba da fiye da haka. Amsa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Yadda ya karɓi maganar sa hannun ma abin lura ne: mai gaskiya bai cika damuwa ba.

Akwai wata hanya da ta fi dacewa da batun magani. Masu Purple Heart suna cikin waɗanda ake ba fifiko wajen rajista a asibitocin ma'aikatar kula da tsoffin sojoji. Ku ce za ku raka shi ya yi rajista. In da gaske yake, kun haɗa shi da taimakon da ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyarku. In kun yanke shawarar ba da wani abu kafin amsa ta zo, ku biya asibiti ko kantin magani kai tsaye, kada ku danƙa masa kuɗi a hannu.

Zafin da dattijon ya ɗauka kuwa yana da tushe. Purple Heart ba a samunta da jarrabawa ko daɗewa a aiki. Ana ba wanda abokan gaba suka raunata, ko a miƙa wa iyalin wanda suka kashe. Ga tsohon soja, wannan ƙarfe yana ɗauke da rana guda takamaimai da sunayen mutane: wanda aka ɗauko a makara, wanda ya dawo babu ƙafa, uwar da aka buga wa ƙofa da safe. Da yawa daga masu manyan lambobin bajinta suna cewa ba tasu ba ce, ta waɗanda ba su dawo ba ce. In suka ga wani ya maƙala ta don a yi masa tafi ko a ba shi kuɗi, gani suke ya ci amanar mamatan. Ga kuma asara ta zahiri. Kuɗin tallafi da guraben aiki da kwangilolin da aka keɓe wa nakasassun sojoji suna da iyaka, abin da na bogi ya karɓa na wani ne. A 2023 wata kotun tarayya ta ɗaure wata mata a jihar Rhode Island wata 70, bayan ta yi shekaru tana cewa ita sojar Marine ce da aka raunata a Iraƙi kuma tana fama da ciwon daji. Ta karɓi taimako na fiye da dala 250,000, ba ta taɓa shiga soja ba. Bayan kowace irin wannan tonon asiri, sojan gaskiya da ya zo neman taimako shi ake yi wa kallon tuhuma.

Abin da mutanen waje ba su cika ganewa ba shi ne 'yan mazan jiya ba sa raina ƙaramin aiki. Wanda ya ce na yi shekara huɗu ina gyaran mota, ban taɓa jin ƙarar harsashi ba, za su ba shi kujera a cikinsu da hannu biyu. Wanda ya fi ƙona musu rai sau da yawa shi ne wanda ya yi aikin da gaske sannan ya ƙara gishiri, ya ɗora wa kansa yaƙin da bai je ba, domin shi ya san nauyin abin da ya ɗauka. Nauyin wannan zargi a cikinsu ba kaɗan ba ne. A 1996 babban hafsan sojan ruwan Amurka, Admiral Jeremy Boorda, ya kashe kansa a ranar da 'yan jarida za su tambaye shi kan wata ƙaramar alamar bajinta da ya taɓa sawa a jikin lambobinsa biyu.

Wannan na cikin dalilan da suka sa ba ma goyon bayan tare mutum a yi masa bidiyo a watsa. An sha tozarta sojojin gaskiya a haka. Tsoho yakan sa kakin zamaninsa wanda matasa ba su sani ba. Mai rauni a ƙwaƙwalwa yakan rikita shekaru da wurare. Wani kawai ba ya son maganar yaƙi da baƙo. Dakarun jihohi da ake kira National Guard sukan riƙe takardar NGB-22 maimakon DD-214, kuma ita kanta DD-214 takan zo da kuskure, sai an gyara da DD-215. Dattijonku yana iya yin daidai, kuma mai yiwuwa ya yi daidai ɗin, amma ku roƙe shi ya rubuta muku abin da ya gani bai dace ba, ku gwada da amsar hukuma.

Batun doka. Majalisar Amurka ta yi wata doka, Stolen Valor Act, wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2006, ta mai da ƙaryar samun lambar yabo laifi ko da a baki ne kawai. A 2007 Xavier Alvarez, mamba a wata hukumar samar da ruwa a Kalifoniya, ya faɗa a taro cewa ya yi shekara 25 a Marine kuma an ba shi Medal of Honor, lambar soja mafi girma a ƙasar. Bai taɓa yin soja ba. A Yuni 2012 Kotun Ƙoli, da alƙalai shida a kan uku, ta soke dokar saboda ta ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki. Tsoffin sojoji da dama ba su ji daɗin hukuncin ba. A 2013 aka yi sabuwa, Shugaba Obama ya sa hannu: laifi ne mutum ya yi ƙaryar samun wasu lambobi da aka lissafa, Purple Heart na ciki, da nufin samun kuɗi, dukiya ko wata moriya ta zahiri, hukuncin kuma tara ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun. Sa kakin soja ba bisa izini ba laifi ne daban mai ɗaurin har wata shida. Kanada ta hana haka a sashe na 419 na kundin laifuffukanta, Ostareliya a dokar tsaronta ta 1903. A Birtaniya galibi da dokar damfara ta 2006 ake kama wanda ya ci wata riba da ƙaryar.

Ke nan cika baki a wurin hira kaɗai ba ya kai mutum kurkuku a Amurka, amma naku ya nemi kuɗi da sunan Purple Heart, kuma nan ne dokar 2013 take aiki. Ku adana saƙonninsa, hotunan ranar taron, da duk inda ya rubuta ko ya faɗi adadin da yake nema. In amsar hukuma ta nuna bai yi aikin ba, ku kai waɗannan ga 'yan sanda ko FBI. In kuma kun ga alamar yana karɓar wani abu daga ma'aikatar tsoffin sojoji, ofishin babban sufetonta ne ke binciken irin wannan.