Kasafi, Giɓi da Cushe: Amsa Ga Masu Karatu

Wani mai karatu daga Gwadabawa ya rubuto: "Malam, mene ne asalin kalmar kasafi, kuma me ya sa ake karanta biliyoyin naira amma ba mu ganin aiki?"

Malam, kasafi daga aikatau "kasa" ya fito, wato rarraba abu kashi-kashi. 'Yan uwansa su ne kashi, kaso da kasafta. Mahaucin da ke kasa naman watanda sai ya ga naman a gabansa yake kasawa. Gwamnati kuwa kuɗin da ba su shigo ba take kasaftawa. Sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 kiyasi ya ce gwamna ya gabatar wa majalisar dokokin jiha: abin da ake sa ran samu da abin da ake son kashewa. Jiharmu ta Sakkwato ta fi dogara da kason da ake rabawa a Abuja duk wata, shi kuma yana hawa da sauka tare da farashin mai da darajar naira. In kuɗin suka gaza, albashi da biyan bashi ake fara sallama. Manyan ayyuka, irin su hanya, asibiti da madatsar ruwa, su ke jira, ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Nan ne gurbin karin maganar nan, "ƙwai a baka ya fi kaza a akurki": naira ɗaya da aka saki ta fi goma da ke kan takarda.

Wata malama daga Tambuwal ta tambayi bambancin giɓi da cushe.

Malama, giɓi asalinsa gurbin haƙorin da ya fita ne. A kasafi shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin shiga da na kashewa, kishiyarsa rara. Da bashi ake cike shi, kuma wata dokar tarayya ta 2007 ta ƙayyade na gwamnatin tarayya a kashi 3 cikin 100 na abin da tattalin arzikin ƙasa ke samarwa a shekara. Giɓi ba laifi ba ne muddin bashin ya tafi aikin da zai amfani jama'a. Cushe kuwa tura abu ne inda babu wurinsa, wato a saƙa ayyukan da babu zanensu, babu ƙididdigar kuɗinsu, ko a maimaita aiki guda a ma'aikatu biyu. Wannan ya fi damuna ƙwarai, domin kowane cushe daga kason wata makaranta ko rijiyar burtsatse ake yankarsa.