Masu sayarwa sun yi yawa, me ya hana kuɗin .com sauka?

Tambaya: Salamu alaikum. Na yi rajistar sunan shafin kasuwancina mai ƙarewa da .com da araha ƙwarai, amma da lokacin sabuntawa ya yi sai aka nemi in biya ninki uku. Ga kamfanonin da ke sayar da sunaye birjik, me ya sa gasa ba ta karya farashin ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, gasar tana nan, sai dai ba a matakin da kake zato ba. Kamfanonin nan da kake gani birjik duk 'yan kiri ne, kuma a hannu ɗaya suke sarin .com, wato kamfanin Verisign na Amurka. Shi kaɗai ke riƙe da kundin da ake rubuta kowane suna mai wannan ƙarshe. Dole ne kuwa kundin ya zama ɗaya, in ba haka ba mutum biyu za su iya mallakar suna guda, a rasa wanda za a kai wa baƙo.

Da can ma 'yan kirin babu su. A 1995 kamfanin Network Solutions ne kaɗai ke yin rajista, yana karɓar dala 100 na shekara biyu. Bayan an kafa hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen intanet, a 1998 aka buɗe wa wasu ƙofa a 1999, farashi ya faɗi warwas. A nan kam gasa ta yi rawar gani.

Farashin sari kuwa ba kasuwa ke yanke shi ba, yarjejeniya ce tsakanin Verisign da ICANN da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka. Daga 2012 an tsayar da shi a dala 7.85 a shekara. A 2018 gwamnatin Amurka ta amince a riƙa ƙara har kashi 7 cikin ɗari a shekaru huɗu daga kowane shida. Da damar ta fara aiki Verisign bai bar ko ɗaya ta wuce shi ba: dala 8.39 a 2021, har zuwa dala 10.26 a 2024. Ga kuma ɗan kuɗin da ICANN ke karɓa a kan kowane suna, kimanin santi 20. To duk wanda ya sayar maka da .com ƙasa da wannan, faɗuwa ya yi da gangan a shekarar farko, yana jiran ya fanshe a ta biyu. Abin da ya same ka ke nan.

Za ka ce ai an ƙirƙiro sababbin kishiyoyin .com irin su .shop da .xyz da .online. Haka ne. A 2012 ICANN ta karɓi takardun nema 1,930, kowace a kan dala 185,000, aka samu sababbi fiye da 1,200. Amma wa suka amfana? Wanda bai riga ya zaɓi suna ba. Kai da abokan cinikinka suka haddace adireshinka, imel ɗinka na rataye da shi, Google ya san ka da shi, ƙarin dala biyu ko uku ba zai sa ka tashi ba, kuma masu kundi sun san da haka sarai. A ganina nan ne tsarin yake da rauni. Yawancin sababbin ma ba a ƙayyade musu farashi ba, sai dai an wajabta musu su sanar da 'yan kiri wata shida kafin su ƙara kuɗin sabuntawa. Hatta .org an cire masa ƙayyadewar a 2019, duk da ƙorafin da ƙungiyoyin sa kai suka yi.

Inda kake da ta cewa shi ne wajen zaɓen ɗan kiri. Kana iya mayar da sunanka wani kamfani muddin ya wuce kwana 60 da rajista: ka nemi lambar sirrin canja wuri daga kamfaninka na yanzu, ka biya sabon kuɗin shekara guda, a ɗora maka ita a kan wa'adin da ya rage. Kafin ka koma, farashin sabuntawa za ka duba, ba na tallar shekarar farko ba. In da hali ka biya na shekaru da yawa a farashin yau, ana yarda har shekara 10. Kada dai ka yi sakaci wa'adi ya ƙare, domin kuɗin ceto sunan da ya faɗi yakan ninka na sabuntawa sau da yawa.