Tambaya da Amsa: Ɗana Yana Rikicewa Idan Lambobi Suka Wuce Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana mai shekara 6 yana aji ɗaya na firamare. Idan aka ce ya haɗa 4 da 3 ba ya shan wahala, amma da zarar an ba shi 7 da 5 da 3 sai yatsunsa su ƙare, ya tsaya yana kallona, wani lokaci har da hawaye. Yaya zan taimake shi?
Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, domin yaronki lafiyarsa ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne yana fara ƙirga kowace lamba daga ɗaya, ga shi kuma yatsu goma ne kawai a hannu, saboda haka jimlar da ta wuce goma ba ta da wurin zama.

Ki ajiye littafi tukuna, ki ɗebo wake ko marafan kwalba. Ki kasa su kashi uku a kan tabarma, bakwai, biyar da uku, sannan ki sauya musu wuri a gabansa, ya ƙirga da kansa har ya tabbatar cewa ko ta ina aka fara, 15 za a samu. Yaron da ya gane wannan ya sami 'yancin zaɓar lambar da zai fara da ita.

Daga nan sai babban aikin, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci: ya haddace lambobin da ke cika goma, wato 9 da 1, 8 da 2, 7 da 3, 6 da 4, 5 da 5, har ya riƙa faɗinsu ba tare da tunani ba. Idan ya ga 7 da 5 da 3, sai ya ɗauko 7 da 3 su zama goma, ya ɗora 5. Harshenmu ma ya sauƙaƙa masa, tun da “goma sha biyar” ta riga ta faɗi amsar da bakinta. Haka 4, 8, 6 da 2: goma biyu ne a ɓoye, wato 20. Inda ba a sami masu cika goma ba, ya riƙe babbar lambar a ka, ya ci gaba da ƙirga daga kanta.

Yaron Legas yana jin lissafi da Turanci a makaranta, Yarabanci a layi, Hausa a gida, don haka ki bar shi ya fahimta da Hausa kafin ya maimaita da Turanci. Ki riƙa cewa “haɗa” maimakon “tara”, kada ya ɗauka lamba 9 kike nufi.

Minti goma a rana ya isa, kuma ban yarda da tsawa ko bulala a wannan darasi ba. Ranar da kika dawo daga cefane a Mile 12, ki ba shi tumatir 6, albasa 3 da tattasai 4, ki tambaye shi waɗanne biyu zai fara haɗawa, kuma me ya sa.