Amsa ga ɗalibin Marwa da lissafin da'irar lantarki ke rikitawa

Ƙanena, ka ce ka haddace dokar Ohm, U = RI (bolt daidai yake da om sau amfiya), da dokokin Kirchhoff biyu, na mahaɗa da na zagaye, amma da zarar da'ira ta yi rassa sai amsarka ta kauce. Galibi matsalar tana wajen alamar tarawa da ɗebewa, kuma hadda ba ta maganinta.

Kafin ka rubuta komai, zana kibiya a kowane reshe, ka nuna inda kake zaton wuta za ta bi. Ko zaton bai yi daidai ba babu laifi, amsar za ta fito da alamar ɗebewa, ma'ana wutar ta bi akasin kibiyarka. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne juya kibiyar a tsakiyar lissafi. Zaɓi mahaɗa ɗaya, wato inda rassa suka haɗu, ka ɗauki bolt ɗinta sifili, ka auna bolt ɗin sauran daga gare ta. Idan mahaɗa huɗu ne, lissafi uku kawai dokar mahaɗa za ta ba ka, na huɗun maimaici ne.

Sannan ka taɓa abin da hannunka. Nemi batir mai bolt 9, da rizista (abin da ke rage gudun wuta) uku masu om 1000 (zobensu ruwan ƙasa, baƙi, ja), da maltimita, mitar auna bolt da amfiya da om, wajen masu gyaran rediyo. Jera biyu bi da bi a kan batirin, ɗaya sama ɗaya ƙasa: kowace za ta ɗauki bolt 4.5. Yanzu haɗa ta ukun kafaɗa da kafaɗa da ta ƙasa. Biyun sun koma om 500, jimla 1500, wutar ta tashi zuwa miliamfiya 6, ƙasan ya sauka zuwa bolt 3. Lissafa tukuna, sannan ka auna. In ka ga 2.9 kada ka damu, zoben zinariya da ke jikin rizista na nufin kuskuren kashi 5 cikin ɗari, batir kuma yakan yi sanyi. Wanda ya gane dalilin saukar nan, ka'idar Thévenin, mai taƙaita da'ira zuwa batir ɗaya da rizista ɗaya, ba za ta ba shi wuya ba.

Hattara da mitar. Amfiya a jere ake aunawa, sai ka katse waya ka sa mitar a tsakani. Ka ɗora ta kai tsaye kan batir, fiyus ɗinta zai iya ƙonewa. Om kuwa ba a auna shi da wuta a jiki. Kada ka sa rizista mai om 100 kan bolt 9, wat 0.81 za ta sha alhali galibi kwatan wat aka yi ta ɗauka.

Soket ɗin gida mai bolt 220, don Allah bar shi sai a ɗakin gwaji gaban malami, ƙololuwarsa tana kai bolt 311.