Bamu cin alade amma an ce tsutsar alade ce a kan ƙanina, meye hukunci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta malam dan Allah ina cikin damuwa. Ƙanina ne ya fara faɗuwa irin ta farfaɗiya, munyi ta ruƙiyya ba sauƙi, ƙarshe aka ɗauki hoton kansa likita yace tsutsar alade ce ta shiga ƙwaƙwalwarsa, wai ciwon yana da yawa a karkara. Wallahi malam gidanmu ba wanda ya taɓa cin alade amma mutane har sun fara ƙus-ƙus. Ko yaci haram ne bai sani ba, akwai kaffara? Sannan sallolin da suke wuce shi yana sume fa?

AMSA: Wa alaikumussalam, Allah ya bashi lafiya. Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka, ba laifi a kansa kuma ba kaffara.

Haramcin naman alade ba mai ja, yana Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3. Amma dole mu san yadda ciwon yake kafin mu yanke hukunci, don anan mutane ke ruɗewa. Tsutsar nan likitoci na kiranta Taenia solium, kuma ta ƙofa biyu take shiga mutum. Wanda yaci naman alade mai ɗauke da ita da bai dahu ba, shi tsutsar a hanjinsa take girma, tana iya wuce mita 2, sau da yawa baya jin komai, sai dai ƙwayayenta na fita a bayan gidansa. Toh waɗannan ƙwayayen in suka shiga ruwan sha ko kayan lambu ko hannun mai girki da bai wanke da sabulu ba, duk wanda ya haɗiye su sai su ƙyanƙyashe su bi jini su je tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa su zauna, wani sai bayan shekaru ciwon ke tashi. Kaga irin na ƙaninka daga kashin ɗan adam yake zuwa, ba sai an taɓa nama ba.

A 1992 likitoci a Amurka sun bada rahoton wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin Niyok da suka kamu da shi alhali suma alade haram ne a wajensu, da aka bi diddigi zargi ya koma kan masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsutsar ta yi yawa.

Maganar likitan akan karkara gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a wuraren da aladu ke yawo sake kusa da mutane kuma ba masai, kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya wannan tsutsar ce sanadi, a Afirka da Asiya da Latin Amurka.

Masu ƙus-ƙus kuwa su ji tsoron Allah, Hujurat aya ta 12 tace sashen zato zunubi ne. Ko da ace an bashi naman bai sani ba ai Allah baya kama bawa da kuskure, balle ba haka bane. Ni abinda yafi bani mamaki shine kowa ya riƙe ayar alade amma an manta hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya gargaɗe mu da abubuwa biyu masu jawo tsinuwa, yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu, a ruwayar Abu Dawud har da mashayar ruwa. In akwai mai laifi a wannan ciwo toh ga shi nan, wanda yake da halin haƙa masai yaƙi, yake tsugunawa inda ruwan sama zai kwashe ya kai rijiyar jama'a.

Ruƙiyya ba laifi, addu'a ce, amma kar ta sa ku ajiye maganin asibiti tunda an gano dalili, Annabi (SAW) yayi umarni da neman magani. Sai dai kar ku je kemis ku siyo albendazol, wato maganin tsutsa, da kanku, kashe tsutsar a ƙwaƙwalwa na iya tada kumburi, shi yasa likita ke haɗawa da wani maganin yana lura da shi. Kuma ku nemi a gwada bayan gidan kowa a gidan, ta yiwu mai ɗauke da ita yana cikinku lafiyarsa ƙalau.

Sallah kuwa, suma na warware alwala, in ya farfaɗo lokaci bai fita ba yayi alwala yayi sallarsa, kuma galibi haka ake tunda faɗuwar 'yan mintuna ce. In suman ya cinye lokacin gaba ɗaya, Imam Malik da Shafi'i sun ce ba ramuwa, Imam Ahmad yace ya rama. Ni na Malik nake bashi, don a lokacin ba hankali a tare dashi.

Wallahu a'alam.