Hannuna yana sagewa, in je a murɗa min wuya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, dan Allah shawara nake nema. Shekaruna 34, kusan wata takwas kenan ina fama da ciwo daga gefen wuya zuwa kafaɗar dama har cikin hannu, ƙaramin yatsana da na kusa da shi sai su sage kamar ana caka min allura, musamman in na ɗaga hannu sama ko na daɗe a gaban kwamfuta. Likitan da na gani ya ce yana zargin ciwon da ake kira TOS (thoracic outlet syndrome) ne, wai jijiyoyi ne suka matse a ƙasan wuya, ya ce in fara fisiyo, wato jinya ta hanyar atisaye da motsa gaɓoɓi a asibiti. Toh wata ƙawata ta ce in bar wahalar da kaina in je wajen kairofrakta, masu daidaita ƙashin baya da hannu, wai sau biyu za a murɗa wuyan ya yi ƙas shi kenan. In je ko kar in je? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Wata takwas da ciwo ba wasa ba ne.

Sa yatsa ki taɓa ƙashin nan da ke kwance daga ƙasan maƙogwaro zuwa kafaɗa. A ƙarƙashinsa haƙarƙarin farko yake, kuma ta ɗan tsukin da ke tsakaninsu ne jijiyoyin laka da suka fito daga wuya da manyan jijiyoyin jini guda biyu suke bi su gangara hannu. In wurin ya ƙara tsukewa, ko saboda tsokar gefen wuya ta ɗaure, ko kafaɗa ta saba ranƙwafawa gaba, ko an taɓa yin haɗarin mota wuya ya fizgu, ko an haifi mutum da ƙarin haƙarƙari a wuya, shi ne TOS ɗin. Mata sun fi maza samunsa, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 50, kin ga kina ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne a san me aka matse. Kusan mutum 9 cikin 10 jijiyar laka ce, kuma yadda kika kwatanta yatsunki ya fi kama da wannan. Amma akwai 'yan tsirarun da jijiyar jini ce, su hannu ke kumbura ya yi nauyi launinsa ya canza, ko ya yi sanyi ya ɗashe, kuma a irin wannan jini na iya daskarewa a ciki, ba tausa ko dannawa yake buƙata ba, likitan jijiyoyin jini yake buƙata. Dubawa da hannu kaɗai ba ta bambance su, shi ya sa nake so ki koma wajen likitanki ki tambaye shi a yi miki hoton ƙashin wuya don a duba ko akwai ƙarin haƙarƙarin nan, in da hali a yi sikanin na jijiyoyin jini da gwajin jijiyar laka, domin matsalar faifan ƙashin wuya ko matsewar jijiya a gwiwar hannu ma na sage yatsun nan biyu.

Ita kairofraktik a Amurka ta samo asali a 1895, wani D. D. Palmer ne ya fara ta, kuma inda ta fi nuna amfani shi ne ciwon ƙugu. A kan TOS gaskiya hujjar ba ta da ƙarfi. Ba na cewa duk abin da suke yi banza ne, wasunsu na sassauta tsokar wuya da ta ƙirji su koya wa mutum zama daidai, kusan abin da ake yi a fisiyo kenan. Murɗa wuya da ƙarfi farat ɗaya ne ban yarda miki da shi ba. Ƙarar da ake ji iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba wai ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, ba ta buɗe tsukin da muke magana, sannan duk da ba kasafai ba, an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan murɗawar har ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki.

Ki fara fisiyon ki daure, watanni yake ɗauka ba sati biyu ba, kuma atisayen gida kullum shi ne rabin maganin. Ɗaga allon kwamfuta ya zo daidai idonki, ki riƙa tashi duk rabin awa, ki daina rataya jaka mai nauyi a kafaɗar, kar ki kwana hannu a saman kai. In bayan sakamako ya fito kina son zuwa wajen kairofraktan, ki zaɓi mai lasisi, ki tafi da takardunki ki ce masa ban da murɗa wuya, in ya ƙi ji ki tashi.

Ranar da kuma hannun ya kumbura ko ya yi sanyi, ko kika ga tsokar gindin babban yatsa tana zubewa, ko ciwon ya haɗo da nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi, kar ki jira ranar ganin likita, ki wuce sashen gaggawa a lokacin.