Ku tambaya mu amsa: Keken da aka ɗora wa injin lantarki a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah taimako nake nema. Na sayi injin nan da ke zama a cikin wilin baya, 36V 350W, na ɗora a kekena da kaina, baturin ma ni na haɗa shi da ƙwayoyin tsofaffin baturan laftop. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau yake tafiya amma da na fara hawa tudu na murɗa totur sai komai ya ɗauke har da sikirin, in na kashe na kunna sai ya dawo kamar ba shi ba. Injin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙyale injin nan, ba ruwansa, baturinka nake zargi. Baturi mai 36V jeri goma ne na ƙwayoyin litiyom, kowane jeri in ya cika yana kai 4.2V, shi ya sa in ka ciro shi daga caji mita za ta nuna maka 42V. To wannan lambar a zaune take, ba a ɗora masa kaya ba. Da ka hau tudu injin zai ja wuta da yawa lokaci guda, ƙwayoyin laftop kuwa ba don irin wannan jan aka yi su ba, ga tsufa, ga kuma kowacce da irin gajiyar da ta yi, sai wutar ta faɗi ƙasa warwas na ɗan lokaci, shi kuma BMS, wato ɗan allon nan da ke gadin baturi, da ya ga jeri ɗaya ya yi ƙasa da yawa ko an ja fiye da ƙarfinsa sai ya datse komai.

Abin da ya sa na fi zarginsa shi ne ka ce har sikirin yana mutuwa. Da kwantirola ce, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, ta yanke saboda ƙarancin wuta (yawanci wajen 30V zuwa 31V take yi) injin ne zai tsaya, sikirin ya ci gaba da haske. Ka cika baturin, ka auna kowane jeri ɗaya bayan ɗaya, ya kamata duk su zo kusan daidai, in ka ga tara suna 4.1 ɗaya yana 3.7 to ka kama ɓarawon. Sannan ka duba jikin kwantirola, an rubuta iyakar amfiya da take ja, misali 15A, in BMS ɗinka bai kai haka ba dole ya riƙa yankewa. Kuma bayan ka sauko daga tudun ka taɓa gidan fiyus da mahaɗan wayoyi, duk wanda ka ji da zafi ko robarsa ta fara narkewa a kwance yake.

Ni dai a ganina haɗa baturin keke da ƙwayoyin da ba ka san tarihinsu ba ganganci ne, wutar litiyom in ta kama ba ta da sauƙin kashewa. Duk wadda ta lotse ko ta yi tsatsa ko take zafi a caji ka fitar da ita, kar kuma ka jona caji ka tafi barci.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Nawa injin in na ba shi wuta sai ya riƙa gurnani yana karkarwa, ba ya juyawa sai na tura da feda tukuna. Kwantirolar daban na saya, ba tare suka zo ba.

Amsa: Ƙanena ai ka riga ka faɗi matsalar da bakinka. Injin yana da manyan wayoyi uku, rawaya, kore da shuɗi, sai ƙanana biyar na sensa, ja da baƙi da kuma wasu rawaya, kore, shuɗi. Kala ta hau kala ba ya nufin an dace in kamfani ba ɗaya ba ne, kowa da yadda yake jera nasa. Ka duba ko kwantirolar tana da wasu wayoyi biyu na koyon kai, in akwai ka ɗaga wilin sama ka haɗa su, za ta gano jerin da kanta, in ya juya baya ka cire ka sake haɗawa. In babu, sai ka riƙa sauya wayoyin kana gwadawa da totur kaɗan kaɗan, kar ka murɗe duka ka ƙona ta. In duk bai yi ba ka bar kwantirola a kunne ka sa mita tsakanin baƙar waya da kowace wayar sensa kana juya wilin a hankali, ya kamata ta riƙa tashi wajen 5V tana sauka sifili, wadda ta tsaya cak sensarta ta mutu. Ka leƙa bakin aksul ma inda wayar ke fitowa, nan ta fi yawan tsinkewa.

Tambaya: Malam zan iya sa injin 1000W a wilin gaba? Fok ɗina, wato ƙafafun da ke riƙe wilin gaba, na alminiyom ne.

Amsa: A'a, kar ka soma. Injin yana tura wili gaba ne yana murɗa aksul baya, duk ƙarfin nan a ɗan bakin fok yake ƙarewa, ƙarfe yakan buɗe a hankali ka lura, alminiyom kuwa tsagewa yake farat ɗaya wilin ya fice kana cikin gudu. Mai da shi baya, ka sa ƙarfen nan mai riƙe aksul da ake ɗaurewa a jikin firam, ka ɗaure noti tamau kana duba shi a kai a kai. Birkin ma ka sake lissafi, ba don wannan gudun aka yi shi ba.

Tambaya: Baturina 36V 10Ah, kilomita nawa zai kai ni, kuma cajar 48V za ta yi masa?

Amsa: 36 sau 10 ya ba ka 360Wh, wato yawan wutar da baturin ke ɗauka in ya cika. In muka ƙaddara kana cin 12Wh a kowace kilomita kilomita 30 ke nan, in kana taimakawa da feda ya fi haka, in kuma kana da nauyi ga tudu ga iska ga taya ba iska sosai ya ragu. Caja kuwa a'a, ta baturin 48V tana fitar da 54.6V, naka iyakarsa 42V, ka karanta abin da aka rubuta a bayan cajar kafin ka jona ko da bakinta ya shiga daidai.